Shekarar da Aka Hana Zuba Mai a Garwa

Da ba don bakin Asabe mai ƙosai ba, da wannan babin ban rubuta shi ba. A gidan suna ne, mata cike da tsakar gida, ta dubi jikata tana rabon goro ta ce wai a sa ido, jinin ɓarawon mai ce. Aka kwashe da dariya, wai wasa ne. Ni ban yi ba. Ku 'ya'yana mata da kuke wurin kuka sunkuyar da kai, kuma sunkuyarwar nan ta fi maganar yi mini ciwo, don ta nuna mini kun daɗe kuna jin zancen kuna haɗiyewa, kuna zaton akwai ƙamshin gaskiya a ciki. To ku gyara zama. Ubanku ya koma ga Allah bai wanke kansa ba, don shi mutum ne da ko kunama ta harbe shi sai ya ƙarasa gaisuwar da yake yi kafin ya ce wayyo. Ni ba haka Allah ya yi ni ba, kuma ba don in riƙa karanta kwalin magani kaɗai na zauna ajin manya na koyi boko da furfura a kaina ba.

Sunansa ban taɓa kama shi da bakina ba, amma takarda ba ta jin kunya: Labbo. Ɗan gidan fawa ne a Talata Mafara, uba mahauci, kaka mahauci. Shi kuwa tun yana saurayi ya ƙi wuƙa, ya samu aiki a gidan man da ke bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, na wani kamfanin Turawa. Suka ba shi kaki da hula mai tambari. A nan na fara ganinsa, ranar kasuwa, ni da Inna mahaifiyata muna bayan mota da ƙoren nono daga rugarmu ta wajen Maradun. Motar ta tsaya shan mai, shi kuma ya tsaya kallona har tanki ya cika ya tumbatsa ya jiƙa masa takalmi, direba na zaginsa. Har ya tsufa yana musun wannan, yana cewa famfon ne ya lalace.

Da maganar aure ta kai kunnen Baffa, wato mahaifina, sai ya ce allambaran. Shi ya yi rayuwarsa yana tashin saniya tun tana maraƙa, yana kiran kowace da sunanta, ba zai ɗauki 'yarsa ya kai gidan da ake kwantar da su ba. Ba raini ba ne kamar yadda dangin ubanku suka ɗauka, abin ne ba ya iya kallo. Ko ranar kasuwa kewaye mahauta yake yi. Dattawa suka yi ta safa da marwa suna ce masa ai wannan yaro ya bar gado, ma'aikacin Turawa ne, hannunsa warin fetur yake ba ƙarnin jini ba. Da ƙyar ya sauko, ya yi magana guda a gaban shaidu.

"In dai ya bar wuƙa, na ba shi. Ranar da duk yak koma mata, ɗiyata ta dawo gida."

Ba rantsuwa ya yi ba. Amma ku da ba ku san Baffa da ƙarfinsa ba, ku sani bai taɓa tofar da yawu ya dawo ya lashe ba. Da wannan magana aka ɗaura mini aure, da ita na shiga ɗakina, kuma a shekarun farko ko tuna ta ba na yi, don wa zai ce kamfanin Turawa zai girgiza?

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Gari ya cika da manyan motoci da baƙin fuska da harsunan da ba mu taɓa ji ba. Gidan mai ya zama kamar kasuwa, ubanku ya sayi keke, ni na samu kwanonin da nake so. Amma abin da ya cika mana tukunya shi ya tashi Baffa. Ruwan da aka tare ya hau gonarsa da makiyayarsa ta wajen Maradun, ya kora shanunsa ya gangara ƙasan dam, kusa da Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, inda yake da 'yan uwa, yana cewa fadamar can ba ta taɓa yi wa kowa rowa ba. Abin da ya faru a garin nan daga baya kun ji shi a bakin waɗanda suka fi ni sani, ba shi na zauna faɗa ba.

A gida kuwa akwai Iya, kakarku ta wajen uba, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba sai 'Yar Hillani, wato 'yar Fulani. Tana sona, amma son nata da yaji. Wuƙaƙen marigayi mijinta suna naɗe cikin fata a ƙarƙashin gadonta, lokaci lokaci ta fito da su tsakar gida ta shafe su da mai, daidai inda ɗanta zai gani.

"Aikin Nasara riga ta aro," in ji ta. "Wagga kau, taka ta."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da goge kekensa.

Ban san ranar da iska ta juya ba, a fuskarsa na fara gani. Ya daina ba ni labarin direbobi, ya koma manne wa rediyo. A hankali na tsinci zancen. Gwamnati ta yi doka cewa kamfanonin Turawa sai sun sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na hannun jarinsu, kuma manyan kujeru a riƙa miƙa wa namu. Ta kuma yanke kuɗin mai, farashi guda daga bakin teku har nan, ko tanka ta yi tafiyar yini ko ta mako. Kamfani ya fara ganin ƙananan gidajen mai na nesa irin namu wahala ce kawai, abin da ya riƙe su a nan shi ne kwangilar ba injinan dam mai. Ana cikin haka aka ji gwamnati ta karɓe wani kamfanin man Turawa ɗungurungum, ta sauke tambarinsa. Ni a lokacin har daɗi na ji, na ce to, ƙasarmu ce, manmu ne. Ban canza ra'ayi ba har yau. Abin da ban sani ba shi ne, babba in ya tsorata, na ƙasa da shi yake takawa.

Sannan aka zo da dokar garwa. An ce mai yana tsallakawa Nijar a bayan jakuna da raƙuma, saboda a nan ya fi araha. Don haka aka hana zuba fetur ko gas, wanda yanzu kuke ce wa dizal, a garwa ko ganga ko kwalba. Sai a tankin mota kawai. Gidan man da aka kama, ma'aikacin gwamnati zai ɗaure famfonsa da waya ya manna dalma, kamfanin kuma yana iya rasa lasisinsa. Baturen da ke zagayen gidajen mansu, wani siriri da ake kira Dogo, ya zo ya tara su ya faɗa musu da Hausarsa mai tsalle-tsalle cewa ko uwar mutum ce ta zo da garwa, a ba ta haƙuri. Ranar ubanku ya dawo ya zauna gaban tuwo bai wanke hannu ba.

"Gwamnati ta riƙe ƙaho yanzu, kamfani na tatsa cikin tsoro," ya ce. "Ke ɗiyar Hillani ta, kin san wa saniya ka hauri."

"Wanda yad duƙa kusa da ƙahwa."

"Tau, ni na."

Ya kuma gaya mini Dogo ya ja shi gefe ya ce shi ma kwanakinsa a ƙasar nan ƙidayayyu ne, doka ta ce kujerarsa ta ɗan ƙasa ce, kuma kafin ya tafi yana so ya bar gidan man Mafara a hannun ubanku. Ya ce masa ya haƙura kawai, ya tsare famfo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ubanku ya tsare. Masu injin niƙa suka zo da garewaninsu ya ba su haƙuri. Abokan wasansa suka zo ya ba su haƙuri. Gari ya fara yi masa kallon ɗan koren Nasara.

Bazarar shekarar ta zo da zafin da ban manta ba. Tunda aka tare gulbi, ambaliyar da kan cika fadamar Birnin Tudu ba ta zo ba, tafkunan da shanu ke sha suka bushe tun da wuri. Burtalin da ke kai su bakin gulbi kuma masu aiki sun yanke shi da magudanun siminti, saniyar da ta taka sai masu gadi su kama ta. Abin da ya rage shi ne wani rami mai zurfi a tsohon gurbin ruwa, wanda guga ba ta iya shayar da garke daga cikinsa. Mutanen wurin suka haɗa hannu suka samo injin jan ruwa, shi ke zuba musu a komi. Inji kuwa gas yake sha, kuma ba ya da ƙafar da zai tako gidan mai a zuba masa a tanki. Sun gwada sayen na bayan fage, aka ba su gauraye da ruwa, injin ya kwana biyu a kwance. Wanda ya rubuta doka a can birni, na tabbata raƙuman Nijar yake hange, bai hango ramin Birnin Tudu ba.

Wata Talata ubanku ya dawo fuska a murtuke, ya ce ya ga Baffa. Ya zo da jaki da garewani a mangala, ya ɗaure jakin a gindin tsamiyar da ke tsallaken titi, ya zauna. Bai tsallako ba, bai aiko ba, bai ko dubi gidan man ba. Da la'asar ta yi sanyi ya kwance jakinsa ya tafi.

"Kai hwa? Ka gaishe shi?"

"Ina ɗakin ganguna."

"Tun sahe?"

"Nomau yat tsare famfo."

Nomau abokin aikinsa ne. Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera guda da surukanku kuna kallon ƙwallo, ba za ku gane ba. A lokacinmu suruki ba a haɗa ido da shi. In ka hango shi sai ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka yi gaisuwa kai a ƙasa. Ba a ce masa a'a, ba a ma bari ya kai ga roƙo. Da ubanku ya tsallaka ya gaishe shi ya ga garewanin nan, to ko dai ya ɗauka ya cika, ko ya tashi ya bar su wayam a gaban jama'a, wanda ya fi mari. Sai ya zaɓi ɓuya cikin zafi da warin mai, yana leƙe ta tagar ɗakin ganguna yana jiran Baffa ya tafi. Talata ta zagayo, Baffa ya dawo gindin tsamiya, ubanku ya koma ɗakin ganguna. Haka suka yi ta yi.

Ni kuwa ina gida da babbanku a goye, ina rama kamar mai jinya. Lissafin a bayyane yake, ko makaho ya gani. In ya zuba, aiki ya tafi. In aiki ya tafi, ba shi da wata sana'a sai ta gidansu. In ya ɗauki wuƙa, Baffa zai zo ya tafi da ni, yaron da ke bayana kuma na uba ne, ana yaye shi za a karɓe. In bai zuba ba, shanun da aka raine ni da nononsu za su faɗi ɗaya bayan ɗaya, Baffa kuma ba zai daɗe a bayansu ba. Gaba kura, baya sayaki. Duk ranar Talata da na ji ƙarar kekensa a zaure sai in zuba wa hannunsa ido in ga ko akwai abin da zai gaya mini. Tsoro nake ji ya ce ya zuba, tsoro nake ji ya ce bai zuba ba. Na ƙona tuwo a makonnin nan har Iya ta karɓe muciya ta ce kada in kashe su da gawayi.

Ana haka Inna ta zo. Ƙwaryar da ta kawo ko rabi nono bai kai ba. Bayan mun gaisa ta sa hannu cikin zane ta fito da wata tsohuwar igiya ta ajiye a gabana. Na gane ta. Ta Fure ce, saniyar da Baffa ya ba ni tun ina ƙarama.

"Ta kwanta bakin komi," in ji Inna. "Ko yankan ba a samu ba."

Na yi kuka har Iya ta leƙo. Da na natsu na tambayi Inna, shin Baffa me yake jira a gindin tsamiya? In roƙo ya zo, ya roƙa mana.

"Roƙon wa? Surukinai? Allah shi kiyaye. Keke yaka jira."

"Wane keke?"

"Na mai gidanki. Shina ganin shi jingine ga bango, ya san mai shi na ciki. Jira yakai keken shi tahi, shi tambayi ɗayan yaron. In an ce babu, shi ji daga bakin bare, shi san inda za shi kora bisashenai. Ba shi son mai gidanki shi ji, balle shi shiga uku sabo da shi."

Ku ji fa. Wannan na ɓoye yana jiran wancan ya tafi, wancan na zaune yana jiran wannan ya tafi, kowa na kare mutuncin kowa, shanu kuma na mutuwa. Da tun Talatar farko Baffa ya ji a'a, da ya kora garkensa wani wuri tun suna da ƙafar tafiya. Yanzu sun rame, ba mai kai su ko'ina. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba, da su biyun, da dam, da gwamnati, da Turawa, har da jakin.

Da safiyar Talata ubanku ya turo kekensa zai fita, na sha gabansa a zaure na riƙe ƙahon keken. Ban taɓa yi masa haka ba. Na gaya masa abin da Inna ta ce, na nuna masa igiyar Fure. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin san in na zuba, aikin ga ya tahi?"

"Na sani."

"Kin tuna maganar Baffa?"

"Da ita nika tashi kullum."

"Tau mi kika so in yi?"

"Ni ban ce ka zuba ba. Na ce ka bar ɓoyo cikin ganguna kamar ɓera. Hita ka ce mai babu, in kana iyawa."

Na san ba zai iya ba, shi ma ya san na sani. Daga madafa muryar Iya ta taso, ashe duk tana ji.

"Wuƙaƙe dai na nan. Ban bari sun yi tsatsa ba."

Ya zare hannuna daga keken a hankali ya fita. Yinin nan ban zauna ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke kwanonin da ba su yi datti ba.

Abin da ya faru Nomau ne ya ba da labari, don ubanku bai taɓa bayarwa ba. Da aka kira azahar Baffa ya tashi ya tafi masallaci, ya bar jaki da kaya a gindin tsamiya. Ubanku ya fito daga ɗakin ganguna, ya tsallaka titi, ya kwaso garewanin, ya jera su gaban famfo da rana tsaka, ranar kasuwa, mutane na wucewa. Ya cika su da gas, ya zaro kuɗin daga aljihunsa ya sa a akwatin kamfani a gaban Nomau, ya ɗora wa jaki, ya gyara mangala, ya koma bakin aikinsa. Nomau ya ce masa ya bari mana sai duhu ya yi. Ya ce abin da aka yi cikin duhu shi ne sata. Da Baffa ya dawo ya tarar da jaki na nishi, ya taɓa garwa ɗaya, ya shinshina yatsansa. Bai dubi tsallaken titi ba. Ya kwance igiya ya kama hanyar Bakura.

Ba sau ɗaya aka yi haka ba, kuma ba a daɗe ba labari ya kai inda za shi. Ma'aikacin gwamnati ya zo da wayarsa da dalmarsa ya ɗaure famfo. Dogo ya biyo baya cikin ƙura, har ƙofar gidanmu, ni ina bayan zana ina ji. Ba da fushi ya yi magana ba.

"Labbo, in na ce kamfani ya sani, gwamnati za ta rufe mu duka, har kwangilar dam. In na ce kai kaɗai ka yi, kai kaɗai za ka tafi. Ka gane?"

"Na gane, ranka shi daɗe."

"Me ya sa ba ka zo ka gaya mini ba?"

"Da ka ce a'a."

Baturen ya ce haka ne. Suka kore shi, suka shaida wa gwamnati cewa ma'aikaci ne ya karya doka a bayan idonsu, aka cire dalma, famfo ya ci gaba da zuba. Dogo ma bai kai ƙarshen shekara ba ya koma ƙasarsu. A gari kuwa, waɗanda ya hana suka ce ya hana mu ya ba surukinsa, kuma ba zan ce ba su da hujjar jin haushi ba, matan da suka koma daka da hannu sun ji jiki. Daga karya doka zance ya koma fasa ƙwauri, daga nan ya koma sata. Uwar Asabe mai injin niƙa ce, a wurinta ta gaji kalmar.

Ruwa ya sauka ba da jimawa ba, shanun Baffa da suka rage suka miƙe. Mu kuma muka shiga tamu bazarar. Ubanku ya nemi aikin lebura a dam, sunansa ya riga shi zuwa. Ya gwada dako, ya gwada tallan goro, ya sayar da keke. Duk gari ya san rumfar ubansa na nan a mahauta tana jiransa, shi kuma yana kewaye ta kamar yadda Baffa ke yi, kuma na san saboda ni ne. Ranar da na ga ya tura wa Iya nasa tuwon ya ce ya ci a waje, alhali leɓensa a bushe, ni da kaina na shiga ɗakinta na jawo fatar nan daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa. Iya da ta yi shekaru tana jiran ranar, sai ga ta tana share ido da bakin zane. Ya fara da karɓar nama a hannun 'yan uwansa yana sayarwa a faranti, don ba shi da jarin sayen ko akuya.

Labari irin wannan ba ya kwana a hanya. Na san ya isa Birnin Tudu. Na wanke zannuwana na ɗaure, na jera kwanonina cikin buhu, na zauna jira. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in tashi in leƙa ta zana. Ina ba babbanku nono ina kallon ƙeyarsa, ina tunanin wa zai riƙa yi masa wanka. Ubanku ya ga ƙullin kayan a bayan ƙofa, ya ɗauki farantinsa ya fita.

Wata Litinin da la'asar, jajiberin kasuwa, na ji takun kofato a ƙofar gida, sannan sallamar da ko cikin dubu zan gane. Ubanku na tsakar gida yana wanke faranti, ya miƙe ya shige ɗaki, takalmi a hannu. Iya ce ta yafa mayafi ta fita zaure, ni na lallaɓa na manna ido a zana. Baffa ne tsaye da sandarsa, ya rame ƙwarai. A bayansa ga Jatau, jan sansa da ya raina da hannunsa, wanda fatake suka yi shekaru suna zawarci yana korarsu. Ya riga ya ɗaure shi a turken ƙofar gidanmu, turken da mahauta ke ɗaure abin yankan gobe.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ina wuni, ina gajiya, ƙaƙa mutanen gida, ƙaƙa bisashe, ƙaƙa ruwa, ruwa ya yi gyara. Iya ta ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce a'a, hanya na jiransa. Ya ɗora hannu a tozon san, yana kallon ƙasa.

"A hwaɗa ma mai gidan ga shi wasa wuƙa da kyau. Jatau bai saba da wahala ba."

Iya ta dubi san, ta dubi Baffa. Sannan ta tambaye shi.

"Yarinya hwa, Malam? Ta ɗaure kayanta tun tuni."

"Wace yarinya? Ni sa nik kawo. Igiya guda gare ni, ga ta nan na ɗaure."

Ya juya ya tafi, bai waiwayi san ba, san kuwa ya bi shi da kuka har ya sha kwana. Na zame na zauna a ƙasa da goyo a bayana. Daga cikin ɗaki na ji ubanku ya jawo dutsen washi, ya yi ta wasa wuƙar nan har aka kira magariba, ya dawo daga masallaci ya ci gaba. Da safe ya kai Jatau mahauta da kansa, bai bar kowa ya taɓa igiyar ba. Da naman san nan ya tsaya da ƙafarsa, rumfar da ta ciyar da ku, ta kai ku makaranta, ta yi muku aure, daga shi ta tashi. Ni ban ci ba, ubanku ma bai kai ko tsoka bakinsa ba.

Shi da Baffa sun yi shekaru bayan haka, ba wanda ya taɓa tayar da zancen, ba godiya, ba ban haƙuri. In sun haɗu, wannan ya tuɓe takalmi ya durƙusa, wancan ya dubi gefe ya amsa. Baffa kuma har ya rasu bai daina kewaye mahauta ba.

Wannan shi ne man da ubanku ya sata. In Asabe ta sake faɗa, kada wadda ta sunkuyar mini da kai. Igiyar nan kuma da ke rataye bayan ƙofata, wadda duk sharar salla sai kun ce in bari a jefar, ta Jatau ce. Ku bar mini ita a inda take.